Yadda Ake Auna WordPress Kafin a Ɗora Shafin Kasuwanci a Kanta

Duk mai kasuwancin da ya nemi a gina masa shafin intanet, da wuya ya gama tambaye-tambayensa bai ji an ambaci WordPress ba. Dalilin a fili yake: sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet na duniya a kanta suke zaune. Manhaja ce da ke ba mutum damar sa rubutu da hotuna da kayan sayarwa a shafinsa, ya gyara, ya cire, ba sai ya iya rubuta manhaja ba. Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fito da ita a 2003, daga wata tsohuwar manhaja mai suna b2. Lasisinta kuwa, GPL, ya ba kowa izinin ya sauke ta, ya yi aiki da ita, ya canza ta yadda yake so, har ya raba wa wasu, ba tare da ya biya kowa ba.

Ƙarfinta da rauninta daga wuri ɗaya suka fito. Shafin da aka gina da ita kamar gidan kanka ne: babu mai tashin ka, babu mai hana ka ƙara ɗaki, amma ranar da rufi ya fara yoyo babu mai gidan da za ka kira. Matakan da ke tafe za su taimaka maka ka gane ko kana da halin riƙe irin wannan gida, in kuma kana da shi, ka san inda ake farawa.

Mataki na 1: Rubuta aikin da shafin zai yi kafin ka zaɓi manhaja

Ɗauki takarda ka amsa tambayoyi kaɗan. Shafin don mutane su san ka ne su kira ka, ko a cikinsa za a saya a biya? Mutum nawa ne za su riƙa shiga suna gyara? Da harshe ɗaya zai yi magana ko da biyu ko uku? Sau nawa abin da ke cikinsa zai canza?

Idan amsarka ita ce shafi mai gabatar da kamfani, da jerin ayyuka, da labarai lokaci-lokaci, da fom ɗin tuntuɓa, WordPress za ta ɗauke shi ba tare da ta yi nishi ba. Idan shago ne, akwai WooCommerce, wadda ta fito a 2011 kuma kamfanin Automattic ya saye ta a 2015, ita ke mayar da WordPress kanti mai kwandon saye da lissafin kaya. Sai dai inda harshe ya wuce ɗaya, WordPress ba ta zo da wannan a jikinta ba, sai an ƙara mata wani abu irin Polylang ko WPML. Joomla, wata manhajar gina shafi irin WordPress wadda ta ɓalle daga Mambo a 2005, ita da tsarin harsuna da yawa ta zo. Drupal kuma, ita ma manhajar gina shafi ce wadda Dries Buytaert ɗan ƙasar Beljiyam ya saki a 2001, ta fi su iya rarraba izini dalla-dalla, wane ya ga wannan, wane ya gyara wancan, shi ya sa jami'o'i da ma'aikatun gwamnati ke son ta. Amma tana bukatar ƙwararre a kusa, kuma ƙwararrunta ba su kai na WordPress yawa ba.

A ganina, ƙaramin kasuwancin da ba shi da ko mutum ɗaya da zai riƙa leƙa shafin sau ɗaya a mako, kuma ba ya shirin biyan wani ya yi, gara ya duba irin su Shopify ko Wix ko Squarespace, inda kamfani ke kula da komai kai kuma kana biya duk wata. Wannan ba gazawa ba ce. Abin da ka rasa shi ne 'yancin kwashe shafin cikakke ka koma wani wuri.

Mataki na 2: Yi lissafin abin da za ka biya da gaske

Da farko ka bambance abubuwa biyu masu suna ɗaya. WordPress.org shi ne inda ake sauke manhajar a ɗora ta a inda aka ga dama. WordPress.com kuwa kasuwanci ne na Automattic, yana ajiye maka shafin bisa tsare-tsarensa da iyakokinsa. Wannan jagora a kan na farko take magana.

Manhajar ba a biya, amma ana biyan domen, wato sunan adireshin shafin, duk shekara. Ana biyan kamfanin hostin da zai ajiye shafin a sabarsa, wato kwamfutarsa da ke riƙe da shafuka a intanet. Yawancin jigogi (masu ba shafi kamanninsa) da filogi (ƙananan manhajojin da ke ƙara wa WordPress aiki) masu kyau na kuɗi ne, kuma lasisinsu na shekara-shekara ne: ka daina biya, abin ya ci gaba da aiki amma sabuntawa ta tsaya. Sai kuma ladan mai kula da shafin, wanda shi ne aka fi mantawa. Yi lissafin shekara uku, ba na ranar buɗewa ba, kuma ka duba farashin sabunta hostin a shekara ta biyu, domin kamfanoni da yawa suna karya farashin shekarar farko ne kawai.

Takardar tsaro ta SSL, wadda ke sa adireshi ya fara da https, ba sai ka saya ba. Let's Encrypt na ba da ita kyauta, kuma kamfanonin hostin na kirki suna sa ta su riƙa sabunta ta da kansu.

Mataki na 3: Komai ya zama da sunanka

Nan ne 'yan kasuwa suka fi cutuwa, kuma laifin ba na manhajar ba ne. Ga yadda abin ke faruwa. Mai gina shafi ya ce, "Bari in saukaƙa maka, ni zan yi rajistar komai." Ya sayi domen da imel ɗinsa, ya ɗora shafin a asusun hostin da yake tara shafukan duk masu ba shi aiki, ya ba ka sunan shiga mai ƙaramin izini. Shekara biyu komai lafiya. Sai kuka saɓa a kan kuɗi, ko ya canza sana'a, ko wayarsa ta daina shiga. Ranar da wa'adin domen ya cika, shi ake aika wa saƙon tuni, ba kai ba. Ka wayi gari shafin ya ɓace, tare da duk imel ɗin kamfani da ke kan wannan adireshi, ga kuma katunan kasuwanci da allunan talla duk ɗauke da sunan.

Saboda haka, kafin a ɗora ko fayil ɗaya:

Ka yi rajistar domen da kanka, da sunan kamfani, da imel ɗin da ba ya kan domen ɗin kansa, domin in ya faɗi ka iya karɓar saƙon dawo da shi. Ka kunna sabuntawa ta atomatik.

Ka buɗe asusun hostin da sunanka, sannan ka ba mai ginawa izinin shiga. Kar a juya abin.

A cikin WordPress, ka riƙe asusu mai matsayin Administrator. Matsayi biyar take da su: Administrator, Editor, Author, Contributor da Subscriber. Ma'aikacin da aikinsa sa labari da hoto ne, Editor ko Author ya ishe shi. Ba don ba ka yarda da shi ba, sai don in aka sace kalmar sirrinsa ɓarnar ta tsaya a iyakar izininsa.

Lasisin jigo da na filogi su ma a saye su da asusunka. A rubuta duk wannan a yarjejeniyar aiki, har da cewa za a miƙa maka dukkan kalmomin sirri ranar da aka kammala.

Mataki na 4: Gwada ta da hannunka

Gani ya kori ji. Akwai manhajoji irin Local da XAMPP da ke ba ka damar girka WordPress a kwamfutarka ba tare da ka sayi komai ba. Ko kuma ka sa mai ginawa ya buɗe maka shafin gwaji. Zauna da ma'aikacin da zai riƙa amfani da shafin kullum, ka bar shi ya yi abu uku shi kaɗai: ya buɗe sabon shafi, ya sa hoto, ya canza farashin kaya ɗaya. Tun daga sigar 5.0 da ta fito a Disamban 2018, ana rubutu ne da edita mai tubali-tubali da ake kira Gutenberg, inda kowane sakin layi ko hoto ke zaman kansa. Wasu sun same shi da sauƙi, wasu ya ba su haushi. In ma'aikacinka ya kasa cikin rabin sa'a, ka san akwai kuɗin horo a lissafinka.

Mataki na 5: Zaɓen jigo da filogi

Jigo shi ne kamannin shafin. Filogi kuwa ƙananan manhajoji ne da ake jona wa WordPress su ƙara mata aiki: fom, shago, biyan kuɗi, taswira, ajiye lokacin ganawa. A rumbun WordPress.org kaɗai akwai dubun-dubatarsu. Wannan yalwa ita ce babban abin da ke jawo mutane, kuma ita ce ƙofar da ɓarayin intanet suka fi shigowa ta ciki. Ainihin WordPress tana da tawagar tsaro da idanu da yawa a kanta. Filogi kuwa wani lokaci mutum ɗaya ne ya rubuta a lokacin hutunsa, ya samu wani aiki ya watsar. A 2020 an gano wata kafa a filogin File Manager, wanda shafuka dubu ɗaruruwa ke amfani da shi, da ke ba baƙo damar cusa fayil ɗinsa cikin shafi ba tare da kalmar sirri ba, kuma an kai hare-hare ta nan sosai.

Don haka kafin ka danna maɓallin girkawa, buɗe shafin filogin ka dubi gefensa. Za ka ga ranar da aka sabunta shi na ƙarshe. In ta haura shekara, ka dakata. Za ka ga adadin shafukan da ke amfani da shi yanzu, da sigar WordPress da aka gwada shi da ita. In an bar shi a baya da manyan sigogi uku, rumbun da kansa yana sa gargaɗi a sama. Sannan ka shiga sashen neman taimako ka karanta koke-koke goma na baya-bayan nan. Yawan koken ba shi ne abin dubawa ba, kowace manhaja ana kuka da ita. Abin dubawa shi ne ko mai filogin yana amsawa, kuma cikin kwana nawa. Taurari biyar na shekarun baya ba za su gaya maka ko har yanzu akwai mai gadi a bakin ƙofa ba.

Babu wani adadi da aka yanke na filogin da ya kamata shafi ya ɗauka. Ɗaya mara kyau ya fi goma masu kyau nauyi. Amma kowane ƙari abu ne da za a riƙa sabuntawa, kuma zai iya rigima da ɗan'uwansa. In wani ba ka amfani da shi, goge shi gaba ɗaya. Kashe shi kawai bai wadatar ba, domin fayilolinsa suna nan a sabar.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa: jigo ko filogi na kuɗi da aka samo "kyauta" daga wani shafi ko rukunin hira. Sau da yawa an cusa musu ɓoyayyar ƙofa, ko ba a cusa ba ma, ba za su samu sabuntawa ba. Araha ba ta ado. In mai ginawa ya ce maka yana da su duka a kwamfutarsa, tambaye shi da sunan wa lasisin yake.

Game da jigo, zaɓi mara nauyi, ka buɗe samfurinsa a waya da intanet mara ƙarfi ka ga yadda yake buɗewa. In za a yi masa gyare-gyare, a yi su a cikin ɗan jigo, wanda ke gadon babban jigon yana riƙe da canje-canjenka daban. In ba haka ba, sabuntawa ta farko za ta share duk gyaran da ka biya aka yi. Ka kuma yi hattara da manhajojin ja-ka-ajiye na tsara shafi. Suna da daɗin aiki, amma wasunsu ranar da ka cire su sai ka tarar da rubutunka cike da alamomin da ba sa karantuwa.

Mataki na 6: Saitin ranar farko

Wannan ba ya cin lokaci. Kar ka yi amfani da "admin" a matsayin sunan shiga, shi masu gwada kalmomin sirri ke fara jarrabawa. Sa doguwar kalmar sirri, ka ƙara tabbatarwa mai mataki biyu ta hanyar filogi. Shiga Settings, sannan Permalinks, ka zaɓi tsarin da ke sa sunan rubutu a adireshi, tun kafin Google ya san shafin, domin canza shi daga baya yana karya hanyoyin da mutane suka riga suka raba.

A Settings ɗin dai, ƙarƙashin Reading, akwai wani ɗan akwati da ke roƙon injunan bincike kar su sa shafin a jerinsu. Masu ginawa kan cika shi lokacin aiki, su manta su cire. Shafi ya yi watanni a buɗe, mai shi yana mamakin me ya sa ko sunan kamfaninsa ya rubuta ba ya ganin kansa. Duba shi da idonka ranar buɗewa.

Sai ka leƙa Tools, sannan Site Health, wanda aka ƙara a sigar 5.2 a 2019. Zai nuna maka sigar PHP da sabar ke amfani da ita, wato harshen da aka rubuta WordPress da shi. In ka ga 7.4, ka nemi kamfanin hostin ya ɗaga ta, domin tun Nuwamban 2022 masu PHP suka daina toshe mata kafofin tsaro. Hotuna kuma a rage girmansu kafin a ɗora. Hoton da ya fito kai tsaye daga kyamarar waya ya fi ƙarfin abin da shafi ke bukata, kuma shi ne kan gaba wajen sa shafi jan ƙafa. WordPress tana karɓar hotunan WebP, masu ƙarancin nauyi, tun 2021.

Mataki na 7: Kwafin ajiya, da gwada dawo da shi

Shafin WordPress kashi biyu ne. Akwai fayiloli, musamman jakar wp-content mai ɗauke da hotuna da jigo da filogi. Akwai kuma rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB, inda rubutu da saiti da odar masu saye suke. Kwafin da ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya rabin kwafi ne. Shafin da ba ya canzawa sosai, sau ɗaya a mako ya isa. Shago kuwa kullum, ko fiye, domin odar da ta shigo bayan kwafin ƙarshe ba za ta dawo ba.

Ajiye kwafin a wani wuri dabam da sabar da shafin yake. Sannan ka yi abin da mafi yawan mutane ke tsallakewa: ka ɗauki kwafin ka dawo da shi a shafin gwaji, ka shiga, ka buɗe shafuka, ka duba ko hotuna sun fito, ka nemi odar ƙarshe. A nan ne ake gano cewa fayil ɗin ya yanke a tsakiya, ko an manta da rumbun bayanai, ko kuma babu wanda ya san kalmar sirrin wurin ajiyar. Gara ka gano wannan da rana tsaka hankalinka kwance.

Mataki na 8: Sa wa sabuntawa suna da rana

Buɗaɗɗiyar manhaja kowa na iya karanta cikinta. Wannan na sa a gano kuskure da wuri, amma da zarar an saki gyara, masu mugun nufi su ma suna karanta gyaran su gane inda kafar take. Drupal ta ga haka a ranar 15 ga Oktoban 2014, lokacin da aka sanar da wata babbar kafa a sigarta ta 7. Hare-hare na atomatik suka fara cikin sa'o'i, har tawagar tsaronta ta ce duk shafin da ba a gyara ba cikin sa'o'i bakwai da sanarwar, a ɗauka an riga an shige shi. Waɗannan hare-hare ba sa duba girman kasuwanci. Na'ura ce ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya, saboda haka "wa zai damu da ɗan shafina" ba kariya ba ce.

Tun daga sigar 3.7 a 2013, WordPress tana sa ƙananan gyare-gyaren tsaro da kanta. Daga 5.5 a 2020 kuma, za ka iya kunna wa kowane filogi da jigo sabuntawa ta atomatik. Shawarata ita ce ka kunna wa ƙananan filogi masu sauƙin aiki, amma shago da hanyar biyan kuɗi da manhajar tsara shafi ka riƙa yin su da hannu. Tsarin kuwa: ɗauki kwafi, sabunta a shafin gwaji, sabunta ɗaya bayan ɗaya domin in wani abu ya karye ka san mai laifi, sannan ka yi abin da mai saye zai yi. Cika fom ka ga ko saƙon ya iso. Sa kaya a kwando ka bi har wurin biya. Fom ɗin da ya daina aika saƙo ba ya ihu, sai dai ka ga kasuwa ta yi shiru.

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Rubuta sunan mutumin da wannan aiki ke wuyansa da ranar da zai riƙa yi a mako. In ɗan kwangila ne, yarjejeniyar ta faɗi cikin sa'o'i nawa zai amsa in shafi ya faɗi, domin manhajar ba ta da lambar wayar da ake kira. Taimakon da ke WordPress.org na masu sa kai ne.

Mataki na 9: San hanyar fita tun kana shiga

Manhajar ta kowa ce, amma hanyoyin da ake samun ta suna da masu riƙe da su. A Satumban 2024 rikici ya ɓarke tsakanin Matt Mullenweg da kamfanin hostin na WP Engine, aka toshe wa kamfanin hanyar shiga WordPress.org, abin da ya taɓa sabuntawar shafukan abokan cinikinsa, har sai da wata kotu a Amurka ta ba da umarnin wucin gadi a Disamba cewa a buɗe. Siga ma tana tsufa. Drupal 7, wadda ta fito a 2011, an daina tallafa mata a Janairun 2025, kuma ƙaura daga gare ta zuwa sababbin sigogi kusan sake gini ne, domin an sake fasalin manhajar tun daga Drupal 8. WordPress ta fi Drupal kiyaye kar sabon abu ya karya tsoho, wannan kam a yaba mata, ko da yake shi ne kuma ya sa take jan tsofaffin kaya a bayanta.

Abin da za ka yi kaɗan ne. Shiga Tools, sannan Export, ka sauke fayil ɗin da ke ɗauke da rubuce-rubucenka, ka sani cewa hotunan kansu ba sa cikinsa, adireshinsu kawai, don haka ka haɗa da jakar wp-content. In shago ne, fitar da jerin kayanka a fayil ɗin CSV daga WooCommerce duk bayan 'yan watanni. Sannan ka buɗe takarda ɗaya ka rubuta inda domen yake da ranar ƙarewarsa, kamfanin hostin, kowane filogi da aikin da yake yi da ranar da lasisinsa ke cika, da wurin da kwafin ajiya ke sauka. Mutum biyu a kamfanin su san inda takardar take, kuma duk ranar da ma'aikaci ko mai ginawa ya bar aiki, a goge asusunsa a mayar da rubuce-rubucensa ga wani, zaɓin da WordPress ke nunawa a lokacin gogewar.